Jaruntaka Da Soyayya A Lokacin Mamaya: Daga Gishirin Tigidda Zuwa Kasuwar Kifin Danmak

 Duk wanda ya taɓa sayar da gishirin dabbobi a kasuwar Agadas ko Abalak ko Tawa, ya san jan gishirin nan na Tigidda da makiyaya ke rububinsa. Amma ba kowa ne ya san cewa akwai lokacin da fataucin gishiri ya durƙushe a duk faɗin ƙasar Abzin ba, lokacin da aka ƙwace raƙuma, mazan da ke jan akalarsu wasu suka kwanta dama, wasu suka yi ƙaura, aka bar mata da marayu. Wannan ya faru ne tsakanin 1916 da 1918, a yaƙin da ake kira yaƙin Kawsan.

Yau wannan yaƙi za mu waiwaya, amma ba ta wajen bindiga da igwa kaɗai ba. Tambayar da muke son amsawa ita ce: idan baƙo ya mamaye ƙasa, namiji ya ɗauki makami ya fita, wa ke riƙe masa asiri, wa ke riƙe masa gida, kuma wa ke biyan bashin idan an ci su da yaƙi? Daga nan za mu leƙa wata ƙaramar ƙasa a Turai, wato Danmak, inda irin wannan ƙaddara ta faɗa wa mutane, har da wata mai sayar da kifi a kasuwa.

Garin da ke cin abinci da raƙumi

Tigidda-n-Tesemt tana arewa da In Gal, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Kalmar tesemt da harshen Abzinawa gishiri take nufi. Wanda ya tsaya a kan tudu ya dubi garin zai ga ɗaruruwan ƙananan ramuka a jere, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani fari, kamar an baza tasoshin rini. Ƙasa mai gishiri ake kwaɓawa da ruwan zartsi a manyan ramuka, idan ta kwanta a kwashe ruwan a zuba a ƙanana, rana ta shanye shi, gishiri ya fito. Aikin na maza da mata ne gaba ɗaya. Mutanen wurin, waɗanda ake kira Isawaghan, suna da harshensu na kansu mai suna Tasawak, kuma In Gal ce uwar garinsu. Can suke da dabino, can suke komawa idan damina ta cika ramukan da ruwa.

Ba a noma a Tigidda. Hatsin da za a ci sai an kawo shi daga kudu a bayan raƙumi, a yi musaya da gishiri. Ke nan duk abin da ya taɓa raƙumin Ba'abzine, to tukunyar matar Tigidda ya taɓa.

Yadda tura ta kai bango

A 1906 sojojin Faransa suka zauna daram a Agadas. Suka aza haraji, suka riƙa kama raƙuman mutane don jigilar kayansu, ayarin gishirin Bilma kuma, wanda a wancan zamani yakan kai raƙumi dubu 20, ya koma tafiya da rakiyar soja. Ana cikin haka sai ga fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ƙasar Hausa ake kira Kakalaba. Dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada, amma haraji bai ragu ba. A 1914 kuma yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, buƙatun Turawa suka ƙaru.

A wannan hali ne mutum biyu suka ƙulla shawara. Na farko shi ne Kawsan, Ba'abzine daga ƙabilar Ikazkazan, wanda ya bar ƙasa ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yi shekaru yana gwabzawa da Turawa a wajen Chadi da Libiya. Na biyu shi ne Sarkin Abzin Abdurrahman Tagama, wanda Turawa da kansu suka amince da sarautarsa. Tagama yana gaisawa da Kyaftin Sabatie, shugaban barikin Agadas, fuska a sake, alhali saƙo na kai da komo tsakaninsa da Kawsan ta cikin hamada. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Har lokacin da rundunar Kawsan ta iso, Turawan barikin suna ɗaukar Sarki a matsayin amininsu.

A tsakiyar watan Disamba na 1916 Kawsan ya shigo Agadas da bindigogi na zamani da igwa da aka ƙwato daga hannun Italiyawa a Libiya. Aka yi wa barikin ƙawanya. Kafin watan ya ƙare, aka yi wa sojojin da ke rako ayarin Bilma kwanton ɓauna a kusa da gari, aka murƙushe su. In Gal da sauran garuruwan Abzin suka fita daga hannun Faransa. Kwana kusan 80 ana ɓarin wuta, barikin bai faɗi ba, har ranar 3 ga Maris 1917 da babbar runduna daga Damagaram, a ƙarƙashin Kanal Mourin, ta fasa ƙawanyar. Turawan Ingila da ke mulkin Nijeriya su ma sun turo sojoji suka taimaka wa ƴan'uwansu.

Rundunar da ta yi kwana 80 a bakin gari ba iska take sha ba. Sai an ɗebo ruwa, an daka gero, an dama fura, an yi jinyar masu rauni. Ba sai an gaya wa mai karatu hannun da ya saba da turmi da guga ba.

Goge a hannun mata

A nan ne maganar soyayya ta shigo. A al'adar Abzinawa, jaruntaka da neman aure tagwaye ne. Suna da wani goge mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki, da ake yi da ɓarin ƙwarya a rufe ta da fata, suna kiransa anzad ko imzad. Mata ne kaɗai ke goga shi, maza kuwa su rera waƙa ko su yi shiru su saurara. A zaman hira na dare, inda samari da ƴan mata ke haɗuwa, a gaban wannan goge ake yabon wanda ya tsaya a fagen fama, a kuma yi wa wanda ya juya baya zambo. Saurayin da ya gudu daga yaƙi ya san labari zai riga shi isa zango, kuma ba shi da fuskar da zai zauna kusa da wadda yake so. Da yawa sun gwammace takobin abokin gaba da dariyar ƴan mata. Mu ma a ƙasar Hausa mun san ƙarfin guɗa da kirarin zabiya a zuciyar ɗan dambe ko mafarauci. A 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan goge cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, da sunan ƙasashen Nijar da Mali da Aljeriya.

Wani abin lura kuma, a wajen Abzinawa bukkar aure ta mace ce. Ita ke zuwa da ita, in aure ya mutu miji ne ke tattara nasa ya fita. Saboda haka namijin da ya bi Kawsan bai bar matarsa a gidansa ba, shi ne ya fita daga gidanta, ya bar mata ƴaƴa da awaki da tsofaffi. Ita ta zuga shi ya tafi, ita ce kuma ta zauna a inda sojan ramuwa zai fara sauka.

Ranar biyan bashi

Ramuwar kuwa ta zo da zafi. Da Turawa suka sake kama Agadas a watan Maris na 1917, malaman gari da suka taru a masallaci suna neman aminci ba su tsira ba, an karkashe su. A In Gal ma, uwar garin mutanen Tigidda, an yi kisa a bainar jama'a. Masana tarihi suna ambaton mutum wajen 130 da aka kashe haka a waɗannan garuruwa biyu kaɗai, ban da waɗanda suka mutu a daji. Aka bi zango-zango ana kwashe dabbobi. A 1918 aka tilasta wa mutanen duwatsun Abzin barin garuruwansu. Wasu suka gangara Damargu, wasu suka zarce har ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Francis Rodd, da ya zagaya Abzin a 1922, ya tarar da garuruwa da dama sun zama kufai.

Kawsan ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe har 1918, sannan ya janye arewa, inda aka rataye shi a Murzuk ta ƙasar Libiya a farkon 1919. Tagama kuwa an kama shi a 1919 aka kai shi kaso. A watan Afrilu na 1920 aka wayi gari ya mutu. An fara cewa shi ya kashe kansa, daga baya ta bayyana cewa shaƙe shi aka yi bisa umurnin wani hafsan Faransa.

Sunayen waɗannan mutum biyu ba su ɓace ba. Masanin tarihin nan na ƙasarmu, André Salifou, ya rubuta littafi sukutum a kan Kawsan a 1973, kuma har yau a Agadas ana nuna ginin da ake kira gidan Kawsan, kusa da babban masallaci, wanda daga baya aka mayar otel. To amma rahoton soja lissafin hafsoshi da bindigogi da raƙuma yake yi. Ba ya lissafin amaryar da ta shiga takaba kafin lallen hannunta ya goge, ko uwar da ta goya ɗa ta taka daga Abzin har Damargu. Labarin waɗannan a bakin tsofaffi ya zauna.

Danmak: inda aka adana sunaye

Don mu ga irin abin da ke salwanta idan ba a rubuta ba, bari mu dubi wata ƙasa da ta rubuta nata. Shekara 23 bayan faɗuwar Agadas, mamaya ta koma kan Turawa su kansu. Ranar 9 ga Afrilu 1940 sojojin Hitila na Jamus suka shiga Danmak, ƙaramar ƙasa da ke arewa da su, cikin ƴan sa'o'i gwamnati ta miƙa wuya. Shekara uku ana zaman doya da manja, har watan Agusta na 1943 da yajin aiki da fashe-fashen ƴan gwagwarmaya suka sa Jamusawa suka karɓe mulki gaba ɗaya.

A watan Oktoba na wannan shekara Jamusawa suka shirya kame Yahudawan ƙasar don kai su sansanonin mutuwa. Labari ya fita, sai talakawa suka tashi tsaye. Cikin ƴan makonni aka tsallakar da mutum fiye da 7,000 zuwa ƙasar Suwidin a cikin jiragen masunta. Tare da su akwai kusan mutum 700 da ba Yahudawa ba ne, ba a kuma nemansu, amma suka ƙi rabuwa da mazansu ko matansu, suka shiga jirgi cikin dare.

Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai Ellen Nielsen, mai sayar da kifi a kasuwar Kwapanhagan, babban birnin ƙasar. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa shida, ba ruwanta da siyasa. Wasu samari biyu ƴan gida ɗaya, masu sayar da furanni kusa da inda take kasa kifinta, suka roƙe ta ta samo musu masuncin da zai tsallakar da su. Da yake sana'arta ta haɗa ta da masunta, sai ta ɓoye su a gidanta ta kuma samo jirgi. Daga nan gidanta ya zama zangon masu gudu. A watan Disamba na 1944 aka kama ta, ta ƙi faɗin sunan kowa, aka tura ta sansanin Ravensbrück a Jamus. Allah ya yi da sauran kwananta, ta dawo gida a 1945. Jarinta a wannan aiki bai wuce abin da kowace ƴar kasuwa ke da shi ba: sanin mutane da riƙon amana.

Akwai kuma Gudrun Fiil, matar mai wani masaukin baƙi a ƙauyen Hvidsten. Iyalinta ne ke tsintar makaman da jiragen saman Ingila ke jefowa da dare. Ranar 29 ga Yuni 1944 Jamusawa suka harbe mutum takwas na ƙungiyar, cikinsu har da mijinta da ɗanta da mijin ƴarta. Ƴaƴanta mata biyu kuma suna ɗaure. Duk da haka ba ta rufe masaukin ba, ta ci gaba da sana'arta.

Aure a ɓoye, wasiƙa daga kaso

Ta wajen soyayya kuwa, labarin da ya fi shahara shi ne na gidan Monica Wichfeld, matar wani mai babbar gona a tsibirin Lolland. Takan tuƙa kwalekwale cikin dare ta ƙetare tabki da kayan ƴan gwagwarmaya. Ƴarta Varinka ta bar daular gidansu ta shiga ɓuya, ta zama mai taimaka wa Flemming Muus, mutumin da Ingila ta jefo da laima a 1943 don ya haɗa kan masu yaƙin ɓoye. Aiki ya haɗa su, so ya shiga tsakani. A watan Janairu na 1944 aka kama uwar, bayan wani da ke hannun Jamusawa ya faɗi sunaye. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka yanke mata hukuncin kisa tare da wasu maza uku. Da aka ce ta nemi sassauci, da farko ta ƙi, tun da ba a yi wa mazan irin wannan tayi ba. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, ta rasu a gidan kaso a Jamus ranar 27 ga Fabrairu 1945. Varinka da Muus kuwa sun ɗaura aure a 1944 suna cikin ɓuya, a ƙarshen shekarar suka tsere daga ƙasar. Danmak ba ta ɓoye ɗacin labarin ba: a 1946 kotu ta sami Muus da laifin taɓa kuɗin da aka ba shi amana. Jarumi ma ɗan Adam ne.

Sai Kim Malthe-Bruun, matashi ma'aikacin jirgin ruwa da ke safarar makamai. An kama shi a Disamba 1944, aka azabtar da shi, aka harbe shi ranar 6 ga Afrilu 1945 yana da shekara 21, wata ɗaya kacal kafin ƙasar ta sami ƴanci. A wasiƙarsa ta ban kwana ga budurwarsa bai nemi ta zauna tana yi masa kuka har abada ba. Roƙonta ya yi ta ci gaba da rayuwa, ta buɗe zuciyarta ga wani. Mahaifiyarsa ta tattara wasiƙunsa aka buga su littafi, shi ya sa har yau ake karanta su. Ranar 5 ga Mayu 1945 mamayar ta ƙare, kuma har yanzu a daren 4 ga Mayu akwai masu kunna kyandir a tagoginsu don tunawa.

Abin da ya rage gare mu

Tsakanin Abzin ta 1917 da Danmak ta 1945 akwai bambanci babba. Su sun ga ƙarshen mamaya da idonsu bayan shekara biyar, kakanninmu kuwa an ci su da yaƙi, sai 1960 tutar Faransa ta sauka. Amma abu guda ya haɗa su. A ko'ina, mai riƙe da bindiga yana tsaye ne a kan kafaɗar wadda ta rufe bakinta, ta hura wuta, ta ci gaba da kasa kayanta don yara su ci. Soyayyar lokacin yaƙi ba irin ta fim ba ce ta rawa da waƙa a cikin lambu. Ita ce a san inda mutum ya ɓuya a ƙi faɗi, ita ce a bi shi gudun hijira alhali ba a kore ka ba, ita ce kuma a yi takaba a tashi a rena marayu.

Ƴan Danmak sun san sunan mai kifinsu domin wani ya zauna ya tambaya ya rubuta. Mu kuwa waɗanda suka ga yaƙin Kawsan da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage su ne jikokinsu, da suka ji labari a gindin kaka, su ma yau furfura ta cika musu kai. Suna nan a In Gal da Tigidda da Agadas da Tanut, suna nan a unguwannin Kano da Katsina inda iyayensu suka yada zango.

Don haka kira gare ku iyayenmu mata na kasuwa, da ku fatake masu hawa da sauka. Wayar da kuke tambayar farashin gero da ita tana ɗaukar murya. In kun koma gida, ko kun sauka zango kun tarar da tsohuwa, ku gaishe ta ku zauna. Ku tambaye ta sunan kakarta, da garin da suka baro, da wanda ya tafi bai dawo ba, da yadda aka yi aka rayu. Ku ba ɗan makaranta ya rubuta, ku adana kamar yadda kuke adana littafin bashi. Waiwaye adon tafiya ne, kuma wannan bashi ne da matan jiya ke bin mu.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun sake saduwa.